Gidan da Lauya Mainassara Ya Sayar

A zamanin da kumandan Bafaranshe ke zaune a barikin Magariya, an yi wani mutum ana ce masa Mainassara, wanda Allah ya hore wa baki. Wata kakar gyaɗa ya haye babbar motar kaya ta kamyo ya tsallaka Kano neman na tuwo, ya faɗa hannun wani lauya, ya zama mai share masa ofis da ɗaukar jaka. Ko harafi ɗaya na boko bai koya ba. Abin da ya tsinta shi ne tsayuwar lauya, da gyaran muryar lauya, da yadda lauya ke ɗaga yatsa sama in zai yi magana. Da zai dawo gida, maigidan ya sallame shi da wani tsohon baƙin kwat da tabarau mai fasasshen ido ɗaya. Tun ranar da ya sauka a tashar Magariya da kwat ɗin nan a kan riga, gari bai sake jin sanyi ba.

Ya shafe zauren gidansa da farar ƙasa, ya ce daga yau sunansa biro, wato ofis da Faransanci. Kullum da hantsi sai ya fito ya harɗe a kan wani akwatin sabulu, zufa na tsiyaya, don ko rana za ta narka dutse ba ya cire kwat. Duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ta ƙofar sai ya sha huɗuba.

"Ku mutanen nan kuna ba ni tausayi," in ji shi. "Wai a tafa hannu, a raba goro, shi ke nan an sayar da gida! A Kano cinikin gida aikin lauya ne. A binciki mai gida, a zaga iyaka, a tambayi duk wanda ke da hannu a ciki, a tsayar da shaidu, sannan a miƙa mabuɗi. Ni nan da kuke gani, bene nawa ya wuce ta hannuna!"

Gaskiya ne benaye sun wuce ta hannunsa, amma da tsintsiya. Mutane kuwa suka ci gaba da kai maganarsu wurin maigari da alƙali yadda suka saba. Matarsa Balki takan leƙo daga cikin gida ta ce, "Malam, in biro bai cika ba, ga akuya ta tsinke." Shi kuwa sai ya ce mata lauya ba ya bin akuya. Daga baya ya bi.

Ana cikin haka, ƙarshen bazara, sai ga Illa. Illa mutum ne mai sanyin hali, wanda in ka ce masa rana ta fito daga yamma zai ce to. Mahaifinsa ya rasu ya bar gidan soro a bayan kasuwa, shi kuma yana so ya koma Dungas wurin surukansa ya yi noma. Ya zo ne kawai neman a faɗa masa ko an san mai saye. Kafin ya rufe baki Mainassara ya riga ya miƙe, ya gyara tabarau, ya ce, "Ka zo inda ya dace. Daga yanzu kada ka sake cewa uffan ga kowa. Bakinka yana aljihuna."

Mai saye ma bai yi wuyar samu ba. Akwai wani ɗan kasuwa daga Sassumbrum mai suna Sambo, ya tara irin gyaɗa buhu-buhu da zai sayar wa manoma in ruwa ya sauka, yana neman soro mai ƙyaure da rufi mai kyau kafin hadari ya riske shi. Mainassara ya tare shi a kasuwa, ya ce shi ma yana bukatar lauya, kada a cuce shi.

"To ai kai ne na Illa," in ji Sambo.

"In na sa tabarau ni naka ne, in na cire ni na Illa ne. Mene ne abin wahala a nan?"

Haka aka yi cinikin a gindin wata tsamiya, jama'a sun kewaye. Mainassara ya tsaya dama, ya cire tabarau, ya yabi gidan har ya ce ko kumandan zai so irinsa. Ya tsallaka hagu, ya maƙala tabarau, ya yi tsaki ya ce ai kango ne, ɓeraye ma sun ƙaura. Ya koma dama ya ce, "Wa kake gaya wa kango?" Ya dawo hagu ya ce, "Kai nake gaya wa!" Abu ya yi zafi har ya cakumi wuyan kwat ɗinsa da kansa, sai da wani mahauci ya shiga tsakani ya ba shi haƙuri. Illa da Sambo, da suka ga lauyoyinsu na neman ba hamata iska, suka matsa gefe suka daidaita a tsakaninsu cikin ruwan sanyi, suka tafa hannu. Mainassara ya share zufa ya ce wa jama'a, "Kun ga aiki? Da ƙyar na shawo kansa."

Sai bincike. Ya kwance igiyar gugan Balki ba da saninta ba, ya nufi gidan Illa. Ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga yatsa.

"Illa, gidan nan naka ne?"

"To, na babanmu ne."

"Babanku yana ina?"

"Allah ya yi masa rasuwa."

"Allah ya jiƙansa. An gama binciken mai gida."

Ya shiga awon iyaka, yana jan igiya yana ambaton wasu kalmomi da ya ce Turanci ne. Yana cikin awo sai ga Gwaggo Daso, ƙanwar mahaifin Illa, tsohuwa 'yar firit mai baki kamar reza, tana dogara sanda.

"Kai ɗan nan, na ji wai za a sayar da gidan yayana. To akwai maganar ƙyauren nan da..."

"Gwaggo, lauya na kan awo ba a yi masa magana. Kin sa na manta ƙidaya."

"Ƙyauren zauren nan fa..."

"Ranar miƙa mabuɗi kowa zai yi magana. Haka doka ta ce."

Daso ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "To, Allah ya kai mu ranar." Ta juya abinta.

Bai gama da ita ba sai Baba Labbo, maƙwabcin gidan, ya leƙo ta kan katanga ya ce yana da 'yar magana a kan rufin soro. Mainassara ya ce maƙwabci shaida ne, shaida kuma ba ya buɗe baki sai an kira shi. Illa ma ya yi ƙarfin hali ya ce, "Lauya, da ma akwai ƙanwata Shatu da ke aure a Yekuwa, ko za a aika mata?" Mainassara ya buga aljihun kwat ya ce, "Ina na ce maka bakinka yake?" Illa ya ce to.

Da maganar ta kai gaban maigari don a shaida, dattijon ya saurara har ƙarshe, yana jan carbi. Ya san gidan tun ana haƙa harsashinsa, amma kuma ya san Mainassara.

"Mainassara, ka tambayi duk mai hannu a gidan nan?"

"Ranka ya daɗe, tambaya ai ita ce sana'ata."

"Ba wanda ya rage?"

Nan ne fa bakin ya ɗauke shi. Ya juya ya fuskanci jama'ar da ke zaune a ƙofar fada, ya bugi ƙirji ya ce, "Kowa ya shaida! Ko ƙusa ɗaya wani ya cire daga gidan nan da haƙƙinsa, a je gidana a ciro irinta a maye wa Sambo. Ƙyaure da ƙyaure, azara da azara!"

"Kun ji?" in ji maigari.

Jama'a suka ce sun ji. Sambo ya ce shi ma ya ji, har sau biyu ya faɗa.

Labari ya riga shi isa gida. Balki na tankaɗe ta ce, "Malam, na ji ka jingina gida da baki."

"Ke dai ki tanadi babbar tukunya. Bayan wannan cinikin, har daga Damagaram za a riƙa zuwa nemana."

"To. Igiyar gugata fa?"

Ranar miƙa mabuɗi gari ya tashi da zafi mai nauyi, gabas ta ɗan yi duhu. Mainassara ya ɗauko maroƙi da kalangu, ya gayyato duk wanda ya taɓa yi masa dariya. Sambo ya iso da jakuna a jere, kowane da buhunan irin gyaɗa. Mainassara ya zaro wani tsohon tambur na gidan waya da ya tsinta a bakin bariki, ya lashe shi, ya manna a tsakiyar ƙyauren zaure, ya doka masa dunƙulen hannu. Ya ce da wannan ciniki ya ɗauru, ko gwamna bai isa ya kwance ba. Maroƙi ya ɗauka: "Lauya na Balki, mai baƙar riga, ka fi alƙali!"

Ya ɗaga mabuɗi sama kowa ya gani, ya zura cikin kwaɗo. Bai kai ga murɗawa ba ya ji an ce, "Dakata, ɗan nan. Yau ce ranar da ka ce kowa zai yi magana?"

Gwaggo Daso ce, da wasu ƙarti biyu a bayanta.

"Gwaggo, a bari a gama..."

"Ƙyauren nan nawa ne. Marigayi mijina ya ɗauko shi a kan raƙumi tun daga Kano. Da ya rasu na ara wa yayana, don ɓarayi sun dame shi. Yayana na ara wa, ban ara wa mutumin Sassumbrum ba. Illa, ƙarya nake?"

Illa ya dubi aljihun lauya, ya dubi gwaggonsa, ya ce, "Gaskiya ne, Gwaggo."

"Ku ɗaga."

Ƙartin nan suka sa kafaɗa suka ɗaga ƙyauren daga mazauninsa, da kwaɗon da tambur ɗin da komai, suka ɗora a ka suka miƙa hanya. Aka bar Mainassara tsaye da hannu a miƙe, yana riƙe da iska, don mabuɗin ma ya tafi a jikin kwaɗo.

"Wannan ƙaramin abu ne," in ji shi, yana gyara tabarau. "A Kano manyan gidaje ma ba su da ƙyaure. Iska ta fi shiga."

"Ɓarawo ma ya fi shiga," in ji Sambo. "Ƙyaure da ƙyaure, lauya. Na ji da kunnena."

Aka shiga ciki da jakuna. An fara sauke buhuna a babban soro ke nan sai ƙasa ta zubo wa Sambo a rawani. Aka ɗaga kai. Ga bakin diga ya ɓullo ta rufi, sai ga hasken rana, sai ga fuskar Baba Labbo tana leƙowa ta ramin.

"Salamu alaikum. An kira shaidu ne, ko da saura?"

"Baba Labbo, me kake yi a kan dukiyar mutane?" in ji Mainassara.

"Azarata nake ɗauka. Shekarar da soron nan ya rufta, ni na ba baban Illa azarar giginyar da na tanada don ɗakin ɗana. Muka yi da shi, muddin shi ko 'ya'yansa na ciki, ta zauna. Ran da suka fita, ta dawo gida. Yau sun fita."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ka ce shaida ba ya buɗe baki."

Mainassara ya cire tabarau ya ce a matsayinsa na lauyan Illa bai yarda ba. Ya mayar ya ce a matsayinsa na lauyan Sambo ma bai yarda ba. Labbo ya ce a matsayinsa na mai azara bai tambaye su ba, ya ce wa 'ya'yansa su ci gaba. Aka yi ta jan buhuna waje a guje, ƙasa na zuba, jakuna na harbin iska. Wani ɓangaren rufi ya sauko gaba ɗaya, ya mai da baƙin kwat ja.

Sambo ya ce to a kai gyaɗar ɗakin ciki, shi ai rufinsa na nan. Aka ɗaga asabari, sai aka tarar da mace zaune a kan tabarma ta miƙe ƙafa tana tsinkar zogale, awakinta uku ɗaure a ƙafar gado. Shatu ce, ƙanwar Illa. Tun da sassafe ta iso daga Yekuwa a kan amalanke, don labarin cinikin ya je mata ta bakin masu kai manda kasuwa.

"Sannunku da zuwa," in ji ta. "Ɗakin nan da rumbun can rabona ne na gado, alƙali ya yanka mini. Yaya Illa, ka sayar da naka, Allah ya sa albarka. Nawa yana nan."

"Baiwar Allah, ciniki ya riga ya ɗauru," in ji Mainassara. "An manna tambur."

"Ina tambur ɗin?"

Wani daga baya ya ce, "Ya tafi gidan Gwaggo Daso!" Jama'a suka kwashe da dariya. Awakin Shatu kuwa, da suka ji ƙamshi, suka tsinke suka auka wa wani buhu da ya yage. Mainassara ya bi su da gudu, ƙafarsa ta sarƙe da igiyar gugan da ya bari yashe tun ranar awo, ya faɗi ƙasa da baki. Maroƙi, da ya ga inda iska ta juya, ya sauya kiɗa: "Daso mai ƙyaure! Labbo mai azara! Shatu mai ɗaki!" Ko sau ɗaya bai ambaci lauya ba.

Sambo bai yi dariya ba. Ya nuna gabas, inda hadari ya haɗu baƙi ƙirin, ya ce wa maigari, "Ranka ya daɗe, in ruwan can ya taɓa irin nan, na mutu na lalace. Ina alkawari?"

Maigari, wanda ke zaune a inuwa tun farko yana kallo, ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "A tafi gidan lauya."

Aka ɗunguma, jakuna a gaba, maroƙi a baya, Mainassara a tsakiya yana ɗingishi. Sai yanzu ya tuna damina ce ke tafe, kuma shi ma a ƙarƙashin azara yake kwana. Amma ko a hanya bai fasa ba, yana cewa ai da gangan ya bari abin ya kai haka, don mutane su ga amfanin alkawarin lauya.

Suka tarar da Balki tsaye a bakin ƙofar cikin gida, ta riƙe ƙugu.

"Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Me za a ɗauka?"

"Ƙyaure, Balki. Mijinki ya yi alkawari."

"Ya yi alkawari da nasa. Ƙyauren nan da kuɗin ƙuli-ƙulina na saya wurin kafinta."

Mainassara ya zaro ido. "Ke Balki, tun yaushe?"

"Tun kana Kano kana sayar da benaye."

"To azara," in ji Sambo.

"Babana ya saro ta, ya ce ta 'yarsa ce. Filin ma garkarsa ce ya yanka mini. Ga maigari nan, a gabansa aka yi."

Maigari ya gyaɗa kai, yana danne dariya da gefen rawani. Ya ce, "Mainassara, kai da tambaya ce sana'arka, ko a gidan da kake kwana ba ka taɓa tambaya ba?"

Mainassara ya ɗaga yatsa, ya sauke, ya hau goge tabarau.

Aka shiga lissafa abin da ya mallaka da gaske, ba a daɗe ba aka gama. Zaure nasa ne, shi ya gina da hannunsa. Sai akwatin sabulu, sai tabarau, sai kwat. Maigari ya yanke cewa biro ya zama ma'ajin gyaɗar Sambo har Mainassara ya nemo azara ya rufa masa soro da guminsa. Nan da nan aka fitar da akwatin sabulu, aka cika biro da buhuna har rufi, saura 'yar hanyar da mutum zai ratsa a karkace. Buhu na ƙarshe na shiga iska ta taso.

"Saura ƙyaure," in ji Sambo. "Zauren nan a buɗe yake, feshi zai shigo."

Aka duba dama, aka duba hagu. Idon kowa ya sauka a wuri ɗaya.

"A'a," in ji Mainassara, ya rungume ƙirji. "Ranka ya daɗe, wannan rigar shari'a ce!"

"To ta yi shari'a da ruwa," in ji maigari.

Aka tuɓe masa kwat, aka buga ƙusa biyu, aka rataye shi a bakin zaure, hannuwansa a baje kamar mai tare kaji. Ruwa ya kece. Jama'a suka watse da gudu suna dariya, aka bar Mainassara tsaye a waje da 'yar shara, ruwa na bin tabarau. Har a lokacin sai da ya ɗaga murya ya bi masu gudu da cewa duk faɗin Magariya, har bariki, ba ƙofar da aka taɓa rufewa da rigar lauya sai wannan.

Ba wanda ya waiwayo. Can sai ya ji ƙarar ƙyaure daga ciki, Balki ta ratso tsakanin buhuna, ta ɗaga hannun kwat ta leƙo.

"Malam, shigo daga ruwan nan kada sanyi ya kama ka. Na ara maka ɗaki."

Ya sunkuya zai shiga, ta tare shi da hannu.

"Aro ne fa. Kada ka sayar."